Zauren Taro a Matsayin Maɗaba'a: Yadda Masana Kimiyyar Kwamfuta Suke Wallafa Bincikensu

Tsakure

A mafi yawan fagagen ilimi, mujalla ce ma'ajiyar binciken da ya kammala, taro kuwa wurin gwada shi ne a gaban masana. A kimiyyar kwamfuta abin ya juya. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda taron ƙara wa juna sani ya zama babbar kafar wallafa a wannan fage, da yadda ake tantance maƙalun da ake kai masa, da kuma abin da tsarin ya jawo wa manazartan Afirka, musamman masu aiki a kan harshen Hausa.

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya tashi a sashen harsuna ko adabi ko tarihi ya san matsayin takardar taro. Ana rubuta ta, a karanta a gaban jama'a, a sha tambayoyi da gyare-gyare, sannan a koma gida a yi mata kwaskwarima a aika wa mujalla. Sai ta fito a mujalla ne take zama aikin da za a ba cikakken maki ranar neman ƙarin girma. Wannan fahimta ce take zaune a ƙa'idojin jami'o'i da yawa, kuma ta dace da yawancin fagage.

Matsalar tana tasowa ne idan takardun malamin kimiyyar kwamfuta suka iso gaban kwamitin da ya saba da wannan ma'auni. Za a ga maƙalu guda shida ko bakwai, duk a kundin taro suka fito, sai a ɗauka mai su bai ƙarasa aikinsa ba. Alhali kuwa tana yiwuwa ɗaya daga cikinsu ta tsallake tantancewar da ake watsi da maƙalu uku cikin kowane huɗu, a hannun alƙalai uku ko huɗu waɗanda ba su san sunan marubucin ba. A wannan fage, maƙalar babban taro ita ce gamammen aikin. Sau da yawa ma ba a sake buga ta a ko'ina.

2.0 Mafarin Al'adar

Kimiyyar kwamfuta yarinya ce a cikin fagagen ilimi. An kafa ƙungiyar ACM, wadda ita ce babbar ƙungiyar masanan fagen, a shekarar 1947, amma sashe na farko mai zaman kansa a jami'ar Amurka bai samu ba sai 1962, a Jami'ar Purdue. Tsakanin waɗannan shekaru, masu aikin suna warwatse ne a sassan lissafi da injiniyan lantarki da ɗakunan binciken kamfanoni. Ba su da gida ɗaya, mujallunsu kuma ba su da yawa. Taro ne kaɗai wurin da suke ganin juna. Hasali ma wasu rassan fagen a wurin taro aka raɗa musu suna. Kalmar da ake fassarawa da ƙirƙirarriyar basira ta fito ne a takardar neman tallafin da John McCarthy da abokansa uku suka rubuta a 1955 domin zaman da aka yi a Kwalejin Dartmouth a shekarar da ta biyo. Haka kuma taron da ƙungiyar NATO ta kira a garin Garmisch na Jamus a watan Oktoba na 1968 shi ya yayata tunanin cewa rubuta manhaja aikin injiniya ne mai ƙa'idoji.

Dalili na biyu shi ne sauri. Mujalla tana iya riƙe maƙala shekara ɗaya ko biyu kafin ta fito, a fagen da na'urar da aka yi gwaji da ita kan tsufa cikin wannan lokacin. Taro kuwa yana da ranar rufe karɓa da ranar sanar da sakamako da ranar zama, duk cikin 'yan watanni. Da masana suka ga abokan aikinsu kundin taro suke karantawa, sai suka riƙa kai mafi kyawun aikinsu can. Da aiki mai kyau ya yawaita, sai tantancewa ta tsananta, tsanantar kuma ta ƙara wa taron daraja.

3.0 Tarukan Ɓangaren Ra'i

Ɓangaren ra'i shi ne wanda yake tambayar abin da kwamfuta za ta iya lissafawa da abin da ba za ta iya ba, da kuma yawan lokacin da kowane lissafi yake ci. Kayan aikinsa hujjar lissafi ce. Yana da manyan taruka biyu na shekara-shekara: FOCS, wanda ya faro a 1960 da wani suna daban kafin ya karɓi wannan a 1975, da STOC, wanda ACM ta fara a 1969.

A zama na uku na STOC, wanda aka yi a jihar Ohio a 1971, Stephen Cook na Jami'ar Toronto ya gabatar da maƙala mai shafi takwas. Za a iya fahimtar abin da ta ƙunsa da misalin da kowane jami'in jarrabawa ya sani. A ce akwai kwasa-kwasai ɗari biyu, da ɗalibai dubbai da suka yi rajistarsu a cakuɗe, da lokutan zama ashirin kacal, ana kuma son jadawalin da babu ɗalibin da zai ci karo da jarrabawa biyu a lokaci guda. Idan wani ya kawo jadawali ya ce ya dace, duba gaskiyarsa abu ne mai sauƙi, domin bin sunayen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ya wadatar. Samo jadawalin tun daga farko shi ne jidali, saboda yawan hanyoyin da za a iya jera kwasa-kwasan yana ninkuwa har ya fi ƙarfin kowace na'ura. Matsalolin da ake iya warwarewa cikin sauri ana kiran rukuninsu P. Waɗanda ake iya duba amsarsu cikin sauri kuwa rukuninsu NP. Tambayar ita ce ko rukunan biyu abu ɗaya ne.

Abin da Cook ya tabbatar shi ne, akwai wata matsala guda ta ilimin manɗiƙi wadda duk matsalolin rukunin NP ake iya mayar da su zuwa gare ta. Wato wanda ya samo hanyar warware ta cikin sauri, ya warware su duka. A shekarar da ta biyo, a wani taro da aka yi a cibiyar binciken kamfanin IBM da ke jihar New York, Richard Karp ya nuna cewa wasu matsaloli 21 suna da irin wannan hali, cikinsu har da wadda jadawalin jarrabawa yake komawa gare ta. Leonid Levin ya kai ga makamancin sakamakon shi kaɗai a Tarayyar Sobiyet, amma nasa a mujalla ya fito a 1973, kuma ya ɗauki lokaci kafin masanan Yamma su san da shi. Har yau ba a amsa tambayar ba. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa ladar dala miliyan ɗaya ga wanda ya amsa ta. Shi kuwa Cook ya karɓi lambar Turing, mafi girma a fagen, a 1982. Wani abin lura, shekara ɗaya kafin ya gabatar da maƙalar, sashen lissafi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ƙi tabbatar da shi a kujerarsa, abin da ya sa ya koma Toronto.

Irin wannan ya sake faruwa a 1994, lokacin da Peter Shor ya nuna a taron FOCS na garin Santa Fe cewa kwamfutar kwantam, idan an gina ta, za ta iya rarraba babbar lamba zuwa ƙananan lambobin da aka ninka aka same ta, cikin sauri. Wahalar wannan lissafi ita ce ginshiƙin tsarin RSA da ake kare bayanan banki da saƙonni da shi a intanet. Cikakkiyar sigar maƙalar ba ta fito a mujalla ba sai 1997, lokacin da tuni ɗakunan bincike suka duƙufa a kan abin.

Wannan tazara ta shekara uku tana nuna wani rauni na tsarin. Saboda ƙayyade shafuka, maƙalun ra'i sukan fito ne a taƙaice, a bar wasu hujjoji da alƙawarin za su zo a cikakkiyar siga. Alƙalan taro kuma ba su da watannin da bin hujja layi-layi yake buƙata. Idan marubuci bai koma ya rubuta cikakkiyar sigar ba, kuma hakan yana faruwa, sai a wayi gari ana gina sabon aiki a kan sakamakon da ba wanda ya tantance shi har ƙarshe. Masu lissafi zalla sun daɗe suna yi wa maƙwabtansu wannan gori, kuma suna da hujja.

4.0 Tarukan Ɓangaren Aiwatarwa

A ɓangaren aiwatarwa, hujjar manazarci ita ce abin da ya gina da ma'aunin da ya nuna yana aiki. Ranar 9 ga Disamba, 1968, Douglas Engelbart ya tsaya a gaban mahalarta wani taro a San Francisco ya nuna linzamin kwamfuta da rubutun da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, abin da ba yadda za a yi shafin mujalla ya nuna shi. Dennis Ritchie da Ken Thompson sun bayyana tsarin Unix a taron SOSP na 1973. Sergey Brin da Larry Page sun bayyana injin binciken Google a taron yanar gizo na Brisbane, a Ostireliya, a 1998.

Taron da ya fi kowane sauya fuska shi ne wanda aka fara a Denver a 1987 da sunan NIPS, aka mayar da shi NeurIPS a 2018. Shekaru da dama ƙaramin zama ne na masu nazarin ƙwaƙwalwa da masu koya wa na'ura gane siffofi. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton suka kawo masa tsarin da ya lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da kuskuren kashi 15.3 cikin ɗari, alhali wanda ya zo na biyu yana da 26.2. A 2017 kuma wasu manazarta takwas da suka yi aikin a Google suka gabatar da tsarin Transformer, wanda manhajojin fassara da na hira na yau suka ginu a kansa. Daga nan kamfanoni suka cika zauren, suna farautar ma'aikata. A 2014 an aiko wa taron maƙalu 1,678. A 2024 adadin ya haura 15,000. Tikitin farko na zaman 2018 ya ƙare cikin ƙasa da minti 12.

5.0 Tantancewa da Ingancinta

Tsarin kusan iri ɗaya ne a manyan taruka. Ana aiko da cikakkiyar maƙala kafin wani ƙayyadadden lokaci, wanda ba a ɗaga wa kowa. A yawancinsu ana cire sunan marubuci. Kwamitin shirye-shirye yana raba maƙalun ga alƙalai, su rubuta ra'ayinsu su ba da maki, a ba marubuci 'yan kwanaki ya mayar da martani, sannan a yanke hukunci. Babu albashi a aikin. Manazartan da suke aiko da maƙalu su ne dai suke alƙalancin na wasu. Wadda aka karɓa tana shiga kundin taro, kuma wajibi ne ɗaya daga marubutanta ya yi rajista ya gabatar da ita.

To, yaya ingancin wannan hukunci yake? Masanan fagen sun gwada kansu da kansu. A 2014 shugabannin shirye-shiryen NIPS, Corinna Cortes da Neil Lawrence, suka ware kashi goma cikin ɗari na maƙalun suka ba kwamitoci biyu, kowanne bai san da ɗayan ba. Kwamitocin sun saɓa a kan kusan rubu'in maƙalun. Da yake waɗanda ake karɓa ba su da yawa, ma'anar wannan ita ce kimanin rabin abin da kwamiti ɗaya ya karɓa, ɗayan ya ƙi shi. An maimaita gwajin a 2021 da maƙalu masu yawa, sakamakon bai yi nisa da na farko ba. Abin da za a fahimta shi ne, alƙalai sukan haɗu a kan maƙala mai rauni ƙwarai, amma a tsakiya, inda mafi yawan aiki yake, akwai rabo mai yawa a cikin lamarin. Saboda haka ƙin karɓar maƙala a babban taro ba ya nuna ba ta da kyau, kuma marubuta sukan gyara su tura wa taro na gaba, abin da yake ƙara wa alƙalai nauyi.

Suka ta fito daga cikin gida tun kafin wannan. A 2009 Moshe Vardi, editan mujallar ACM ta lokacin, da Lance Fortnow, sun yi rubuce-rubuce suna cewa lokaci ya yi da fagen zai koma ga mujallu, domin tseren ranar rufe karɓa yana haifar da gutsattsarin aiki da gaggawa. Abin da ya biyo baya sulhu ne. Taron VLDB na rumbunan bayanai ya mayar da kundinsa mujalla a 2008, inda ake karɓar maƙalu duk wata. Manyan tarukan harsunan shirya manhaja na ACM sun bi sahu daga 2017.

Akwai kuma tarukan bogi, waɗanda kuɗin rajista kawai suke nema. A 2005 wasu ɗalibai uku na MIT suka rubuta manhajar SCIgen, mai harhaɗa jimlolin da suka yi kama da na ilimi amma ba su da ma'ana, kuma wani taro a Orlando ya karɓi ɗaya daga maƙalunta. A 2014, bayan binciken Cyril Labbé na Grenoble a Faransa, Springer da IEEE sun janye maƙalu fiye da 120 irin waɗannan daga kundayensu. Ke nan sunan babbar maɗaba'a a bangon kundi bai isa shaida ba. Mai son tantancewa yakan duba ko taron yana cikin rumbun DBLP, wanda Michael Ley ya fara a Jami'ar Trier a 1993, da matsayinsa a jerin CORE na Ostireliya, mai darajoji daga A* zuwa C, da sunayen 'yan kwamitinsa, da kason maƙalun da yake karɓa.

6.0 Wa Yake Samun Shiga Zauren?

Jami'o'in Amurka ma sun sha fama da batun ƙarin girma. Sai da ƙungiyar CRA ta fitar da takarda a 1999, wadda David Patterson da Lawrence Snyder da Jeffrey Ullman suka rubuta, tana bayyana wa shugabannin jami'o'i cewa a ɓangaren gwaji na wannan fage maƙalar taro ce abin dubawa, kuma manhajar da mutum ya gina ita ma aiki ce. Inda ba a yi irin wannan gyara ba, malami yana tsaka mai wuya. Idan ya bi ma'aunin fagensa, makinsa a gida ya ragu. Idan ya bi ma'aunin gida, sai ya kai aikinsa mujallun da takwarorinsa na duniya ba sa buɗewa, wasunsu ma na 'yan kasuwa ne masu buga duk abin da aka biya.

Sharaɗin halarta shi ne shinge na biyu. Maƙalar mujalla ba ta buƙatar fasfo. Ta taro kuwa tana buƙatar kuɗin rajista na ɗaruruwan daloli, da tikitin jirgi, da masauki, da biza. A Nijeriya asusun TETFund yana da tsarin ɗaukar nauyin halartar taruka, amma biza ba a hannunsa take ba. A 2018 da 2019, lokacin da aka yi NeurIPS a Montreal da Vancouver, hukumomin Kanada sun hana manazarta da dama daga Afirka izinin shiga, cikinsu har da waɗanda aka gayyata zaman ƙungiyar Black in AI. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka tsara yin taron ICLR na 2020 a Adis Ababa. Annobar korona ta mayar da shi ta intanet, sai a watan Mayu na 2023 aka yi shi a Kigali ta Ruwanda. Manazartan nahiyar ba su zauna jira ba. Sun fara taron Deep Learning Indaba a Johannesburg a 2017, ya zaga Nairobi da Tunis da Accra da Dakar.

Ta wannan ƙofa ce harshen Hausa ya shiga kundayen fagen da ƙarfi a 'yan shekarun nan. Ƙungiyar Masakhane, wadda ta haɗa masu aikin fassarar na'ura a harsunan Afirka, ta wallafa bayanin tsarin aikinta a kundin da ke tare da taron EMNLP na 2020. A 2021 gasar fassara ta taron WMT ta sa Hausa da Ingilishi cikin harsunan da ake fafatawa a kansu. A 2022, a taron LREC na Marseille, Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka gabatar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarbanci, da ƙasa da haka a Pidgin, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suka nuna ko yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki. Aikin ya faɗaɗa ya zama AfriSenti, wanda aka yi gasa a kansa a SemEval na 2023. Duk waɗannan ana iya karanta su kyauta a rumbun ACL Anthology.

A nan ne lamarin ya shafi sassan nazarin Hausa kai tsaye. Alƙalin da aka ba maƙala a kan Hausa a irin waɗannan taruka, galibi masanin lissafi da manhaja ne wanda ba ya jin harshen. Zai iya duba ko an yi gwaji daidai, ko alƙaluma sun hau. Ba zai iya gane cewa an rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya a cikin bayanan ba, ko an cakuɗa karin harshen Sakkwato da na Kano ba tare da an faɗa ba, ko an ɗauki habaici a matsayin yabo. Wani bincike da Julia Kreutzer da manazarta masu yawa suka wallafa a 2022 ya duba tarin rubuce-rubuce 205 da aka kwaso daga intanet da sunan harsuna daban-daban, ya tarar aƙalla 15 daga cikinsu ba su da ko jimla ɗaya mai amfani, kuma da yawa daga waɗannan tarin an riga an yi aiki da su a maƙalun da suka tsallake tantancewa. Manazartan sun gano haka ne ta hanyar karanta samfurin jimlolin da idonsu. Manyan tarukan sarrafa harshe suna buɗe ƙofar rajistar alƙalai ga masu wallafa a fagen, kuma ƙananan zaurukan da ake yi a gefensu, irin su AfricaNLP, suna karɓar gajerun maƙalu da suke bayyana matsalar harshe ko ingancin bayanai, ko da babu sabuwar manhaja a cikinsu.